Kabarin da Teku Ya Rufe

Ranar da Wardoyo ya fara ganin Marsih, goshinsa ne ya fara gaisawa da ƙofar gidansu. Buhunan ƙasa ya kawo za a ƙara wa daɓe tsayi, yadda kowa a ƙauyenmu yake yi tun da teku ya koyi kwana a ɗakunanmu. An yi ta ɗaga daɓe har ƙofa ta koma ta yara. Marsih ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kawo masa ƙanƙara ya ɗora a kan ƙulun.

Da yamma ya tura mata saƙo, ya kira ta Dik, wato ƙanwa: "Dik, kumburin ya sace, amma ciwon ya gangaro ƙirji."

Ta mayar masa, ta kira shi Mas, wato yaya: "Mas, maganinka ka koyi sunkuyawa."

Mahaifinta, Pak Kasmuri, bai ƙi yaron ba. Amma a wurinmu ba a ɗaura wa yarinya aure sai ta je kabarin wanda ta rasa, ta zuba furanni, ta yi addu'a, ta faɗa masa. Ita kuwa mahaifiyarta tana makabartar da ruwa ya rufe, sai teku ya janye sosai ake hango kan dutsen kabarinta. Tsoho ya ce a jira.

Wardoyo ya gaya masa ƙanƙarar da ke can ƙarshen duniya ce take narkewa tana cika teku, ruwan nan ba zai koma ba. Tsoho ya ce shi ƙanƙarar da ya sani ta cikin shayi ce. Sai yaron ya roƙa a tone mahaifiyar a mayar da ita tudu tun ana iya ganin wurin.

"Uwata za ka tone don kana sauri?" in ji Marsih.

Ta rufe wayarta, wata da watanni ba ta kula shi ba. Wannan fushi har yau yana yi mini ciwo, domin a cikinsa ne dutsen ya yi fitowarsa ta ƙarshe, kuma babu wanda ya je.

Ita ce ta fara rubuto masa: "Mas, ka kawo kwale-kwale. Ka yi haƙuri."

Suka fita su uku ranar da teku ya fi janyewa. Ba dutse, ba alama. Pak Kasmuri ya nuna nan, ya dawo ya nuna can, daga baya hannunsa ya sauka. Wardoyo ya shiga ruwa har wuya yana lalube da ƙafa cikin taɓo, har leɓɓansa suka fara rawa, bai ce musu ai ya faɗa ba.

"Fito, ɗana," in ji tsohon. "Ni na ɓatar da ita, ba kai ba."

Marsih ta ce a yi ta zagayawa a hankali. Ta riƙa sakin furannin ɗaya-ɗaya tana kuka, tana maimaita sunan mijin da za ta aura, ko Allah zai sa su bi ta kan kabarin.

An ɗaura aure a masallacinmu, jama'a sun naɗe zannuwa zuwa gwiwa. Pak Kasmuri ya sa musu albarka, ya riƙe hannun surukinsa bai saki da wuri ba.

"Allah ya ba ku zuri'a. Ku tafi tudu. In na mutu, ku binne ni inda jikokina za su same ni."