Kanta a Farin Bango

Mutum bakwai ne wannan labari ya shafa, kuma ya kyautu a san su tun da fari. Akwai Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda aka tarar da gawarsa. Akwai babban ɗansa, wanda kowa ke kira Tela saboda sana'arsa, da 'yarsa Auta, wadda aikinta tsara wa mutane ɗakuna. Akwai Iya, dattijuwar da ke yi wa gidan shara da wanki, da Kafinta, wanda ya yi aikin katakon falon. Sai Sufeto da Sajensa. Umma, matar Baba, ta rasu shekara biyu kafin wannan al'amari, saboda haka ban ƙirga da ita ba, ko da yake a kanta komai ya faru.

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka buga waya ofishin 'yan sanda, aka ce kanta, wato katakon ɗora kaya da ke manne a bango, ta faɗo wa wani dattijo a ka, ya rasu nan take. Kafin sha ɗaya Sufeto da Saje sun isa gidan.

Saje ya tsaya a ƙofar falo, ya dubi hagu, ya dubi dama. "Yallaɓai, ko ɓarayi sun riga mu zuwa ne?"

Ba aikin ɓarayi ba ne, haka aka tsara falon. Bango fari fat, babu hoto, babu kalanda, babu agogo. Doguwar kujera ɗaya mai ruwan toka, ɗan tebur mai siraran ƙafafu, sai wata gajeriyar kujera ta katako. Bangon dama an lulluɓe shi da allunan katako guda shida, sumul, ko kan ƙusa ba a gani.

A gindin bangon hagu Baba yake kwance, an rufe shi da zani. Gefensa ga kantar, katako mai kauri, ga kuma wani tsohon keken ɗinki na hannu, baƙi, a kife. Can sama a bango, inda kantar take a da, sandunan ƙarfe biyu sun leƙo.

Auta ce ta yi bayani. Wata uku da suka wuce ta kwashe kayan falon kaf: kabad ɗin kwanukan Umma, da kujeru masu rufin leshi, da labule mai nauyi. Ta ce likita ya gargaɗe ta cewa Baba na iya tuntuɓe cikin cunkoson kaya, kuma a ganinta ɗaki mai sarari yana kwantar da hankali. A kan kantar ba a ɗora komai sai ɗan tulun fure guda.

"Keken fa?" in ji Sufeto.

"Na Umma ne. Na haɗa shi da kayan da masu gwanjo suka kwasa. Ban san yadda aka yi ya dawo ba."

Sufeto ya nemi tulun. Ya same shi ajiye a ƙasa kusa da taga, ko tsagewa bai yi ba. Gajeriyar kujerar kuwa a ƙarƙashin sandunan take, alhali Auta ta ce mazauninta bakin taga.

Tela yana tsaye a waje, bai ƙetare dokin ƙofa ba. Ya ce ya yi rantsuwa ba zai taka falon ba tun ranar da ƙanwarsa ta mai da shi ɗakin jiran asibiti. In ya zo gaida Baba, ta ƙofar baya yake shiga. Auta da Iya suka tabbatar da haka. Ya nemi a kama Kafinta, ya ce kanta babu ƙafa babu tokara ai tarko ce aka ɗana wa tsoho. Sufeto ya lura cewa duk tsawon maganar nan idon Tela ba a kan gawar yake ba, a kan keken yake.

Kafin azahar maƙwabta sun taru a ƙofar shagon Kafinta suna zagi, dole aka ɗauko shi aka tsare. Idan ta tabbata aikinsa ne ya kashe Baba, ɗauri ke jiransa, kuma babu wanda zai ƙara ba shi ko gyaran benci.

Ya zauna a gaban Sufeto, ƙurar katako har a girarsa.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin ina wannan sana'a. Ni da kaina na rataya a jikin kantar nan da hannu biyu, a gaban Auta. Kuma ga ni kana gani, ba ƙaramin mutum ba ne."

Ya bayyana yadda abin yake. Kantar tana da rami biyu, a zura sandunan a ciki, sa'an nan a ɗaure ta daga ƙasa da wasu ƙananan notuna huɗu waɗanda ke nutsewa cikin katako, don kada ido ya ga abin da ke riƙe da ita. Notunan ba sa kuncewa sai da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. Ya bar ƙarfen, tare da takardar da ya zana yadda ake haɗawa, a cikin wani kabad da ke ɓoye a bangon dama.

"Ban ga kabad a falon ba."

"Ai don kada a gani aka yi shi. Allo na uku ne. Ba shi da mariƙi, sai an danna ƙasansa ta hagu."

"Wa ya san da shi?"

"Ni da Auta. Ko Baba ba ta nuna wa ba, domin wayoyin lantarki suna ciki."

Sufeto ya koma gidan. Bango bai ɓalle ba, sandunan ba su tanƙware ba. Ya juya kantar, ya ga ramukan notuna huɗu fayau, katakon bai yage ba. Shi da Saje suka durƙusa suka bi tayil ɗaya bayan ɗaya. Saje ya ce a nasa falon akuya ma sai ta ɓata, amma a nan ko allura ce ta faɗi sai ta kira mutum. Ba su sami noti ko ɗaya ba. Sufeto ya danna allo na uku, ya buɗe. Ƙarfen da takardar suna nan. Ya mayar ya rufe, ya hana Saje faɗa wa kowa.

Ya sami Iya a bayan gida tana shanya. Da farko ta ce rabonta da ganin keken tun ranar da aka kwashe kaya. Sufeto ya tambaye ta ko tsoho mai shekara saba'in da biyar shi kaɗai ya sauko da shi daga motar masu gwanjo. Sai ta zauna a kan bokiti ta fashe da kuka.

Ta ce ita da Baba suka zare shi daga cikin kayan, Auta na can tana waya, suka tura shi ƙarƙashin gadonsa. Auta a gidan mijinta take kwana, sai sha biyu take zuwa da magani. Saboda haka kullum da safe Baba sai ya sauke tulun, ya ɗora keken a kan kanta, ya jawo gajeriyar kujera ya zauna a ƙarƙashinsa yana shan shayi. Wani lokaci har magana yake yi da shi. Kafin sha biyu a mai da komai mazauninsa.

"Jiya ma ya ɗora?"

"Ya ɗora, yallaɓai. Ko motsi kantar ba ta yi ba."

"Bayan nan wa ya rage a gidan?"

"Babu kowa. Na tashi da sha biyu, Auta kuma ta kai shi asibiti, sai la'asar suka dawo."

Da yamma Sufeto ya biya ta shagon Tela. Shago ne ɗan ƙarami, cike da ƙyalle har rufi. Tela ya ce jiya tun safe har magariba yana kan keke, bai leƙa ko'ina ba. Yana cikin magana ya hangi wata tanƙwararriyar allura a ƙasa, ya sunkuya ya tsince ta, ya jefa cikin wani babban gwangwani cike da maɓallai da tsofaffin zif da guntayen ƙarafa.

"Me za ka yi da allurar da ta lanƙwashe?"

"Haka Umma ta raine mu. A gidanmu ba a zubar da abu don ya ƙanƙanta." Sa'an nan ya ƙara, "Wato da."

Washegari da hantsi Sufeto ya kira 'yan gidan. Ya sa Auta da Iya suka zauna a kicin, ya ce wa Tela ya shigo falo, domin kiran hukuma ne, kuma Baba, wanda aka yi rantsuwar a gabansa, ba ya nan. Tela ya shigo yana taka tayil kamar mai taka garwashi.

Sufeto ya ce Kafinta ya ambaci wata takardar aikinsa da ya bari a wani kabad cikin bangon nan, amma ya ƙi faɗin inda yake. In an same ta, akwai abin kai shi kotu. In ba a samu ba, dole a sake shi yau, a dawo da bincike kan mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya.

Saje ya fara lalube. Ya ƙwanƙwasa allo na farko, ya kara kunne. Ya tura na shida da kafaɗa. Ya zaro wuƙa yana neman tsaga, yana gunaguni cewa an yi ɗaki kamar cikin ƙwai. Minti goma suka wuce, sha biyar suka wuce. Gumi ya jiƙe wuyan rigar Tela.

Can sai ya yi tsaki, ya taka zuwa allo na uku, ya danna ƙasansa ta hagu da gwiwa. Kabad ya buɗe.

Saje ya mayar da wuƙarsa aljihu.

"Wata uku ba ka taka falon nan ba," in ji Sufeto. "Wa ya nuna maka?"

"Baba ne ya gaya mini."

"Baba ya rasu bai san da shi ba."

Sufeto ya juya ga Saje.

"Saje, je shagonsa ka ɗauko gwangwanin nan na maɓallai. Za mu juye shi a kan wannan farin tayil."

Tela ya zauna a ƙasa. "Ba sai ya je ba. Suna ciki, su huɗu. Na kai hannu zan jefa su a kwata, na kasa."

Auta ta fito daga kicin, ta dafa bango.

Ya faɗi komai ba tare da an matsa masa ba. A kan keken nan ya koyi ɗinki yana ɗan shekara tara, Umma na riƙe da hannunsa. Ranar da ya ji za a kwashe kaya ya rufe shago ya rugo, ya tarar mota ta tafi. Ko tambayarsa ba a yi ba. Daga baya, duk ranar asibiti sai ya shigo ta baya ya tsaya a falon, yana tuna inda kowane abu yake a da. Wata rana ya jingina da bango, kabad ya buɗe, ya ga ƙarfen da takardar. Ranar Litinin ya kunce notunan, ya jawo kantar zuwa bakin sandunan. Nufinsa ta faɗo da tulun, tulun ya tarwatse, Baba ya ce a raba shi da wannan tsari, Auta ta ji kunya.

"Tulu kawai na sani a kai. Ban san keken yana gidan nan ba. Da Baba ya gaya mini, da a kaina zan ɗauke shi in kai shago."

"Da ni ya gaya wa, Yaya," in ji Auta, "da tebur zan sa a yi masa a tsakiyar falon."

Iya ta share ido da bakin mayafi. Ta ce ta sha ba Baba shawara ya faɗa, sai ya ce in Auta ta sani za ta ga ya raina aikinta, in Tela ya sani zai ɗauke, shi kuma ba zai iya hana shi ba.

"Kafinta fa?" in ji Sufeto. "Ka san bai yi komai ba, ka ce a kama shi."

Tela ya sunkuyar da kai. "Na san da haka. Tsoro ne ya ci ni."

Da Saje ya fito da ankwa, Tela ya roƙi a bar shi ya taɓa keken. Sufeto ya gyaɗa kai. Tela ya durƙusa ya miƙar da shi, ya juya hannun sau ɗaya. Allura ta sauka ta hau, babu ko ƙara, domin Baba bai taɓa barinsa babu mai ba. Sa'an nan ya miƙa hannuwansa, aka fita da shi ta ƙofar gaba.

Kafin azahar aka saki Kafinta. Bai wuce gida ba, sai da ya zo ya yi wa Auta ta'aziyya, ya tambaye ta ko a mayar da kantar. Ta ce a'a, ya zare sandunan ya toshe ramukan. Da ya gama, ya taya ta ɗaga keken suka ɗora a kan ɗan teburin mai siraran ƙafafu. Ta jawo gajeriyar kujera ta zauna a gabansa, ba ta san ko yadda ake zura masa zare ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Da girma na kama alƙalami, don haka duk wanda ya ga na kauce a harafi ko a bayani, ina roƙonsa ya gyara mini, kuma na gode masa tun yanzu.