Hannu Na Biyar a Kan Taswira

Ni na rubuta wa ofishinmu manhajar taswira. Masu awo huɗu ne ke turo alamun iyaka daga fili, kuma don na gaji da rigimarsu, na sa ƙa'ida: wanda ya turo na ƙarshe, nasa ne ke zama.

Ran nan bayan magariba, kowa ya tashi, sai na ga a kwamfuta wani hannu na biyar, ban da na masu awon huɗu, yana janye layi daga kan tsohuwar rijiyar da za a cike a yi gini. Na mayar, ya sake janyewa. Na mayar ina zagi.

"Kai ne marar kunyar da ke ratsa min ɗaki da layi?"

Wata tsohuwa ce tsaye a cikin ofishin da na kulle da hannuna. Zaninta na ɗigar ruwa, warin laka ya cika wurin.

"Iya, fita," na ce.

"Kai ka ce na ƙarshe ke da magana. To, ni ce ta ƙarshe."

Na dubi kwamfutar. A taswirar, alamar rijiyar ta dawo cikin ofishinmu, daidai ƙarƙashin kujerata. Ruwan sanyi har ya kai idon sawuna.