Tsarabar Ƙanƙara daga Akushi

Da hantsi Uwar Sanyi ta fara numfashi. Kafin a ji ƙarar wannan babban injin da kunne, a tafin ƙafa ake jinta. Manyan fankokin da ke saman rumfar gilashin da ta rufe birnin suka juya, suka zuƙe ɗumin da ke cikin iska, bututai suka fesa ruwa siriri, ruwan ya daskare tun bai sauko ba. Sai ga wani farin abu yana zubowa a hankali kan tituna da motoci da kawunan mutane. Aka ɗauki tafi da guɗa. An buɗe Bikin Ƙanƙara na bana ke nan a Birnin Ni'ima.

Birnin Ni'ima sunan takarda ne. Mutanen waje Akushi suke ce masa, don daga nesa kamar an kife akushi yake a kan tudu. An gina shi ne bayan da zafi ya cinye lokacin sanyi gaba ɗaya a ƙasar, shekara ta koma bazara da ɗan guntun damina. Masu hali suka shige ciki suka ja ƙofa. Sauran jama'a aka bar su da maficinsu.

A wannan hantsin Tabawa ta sauko daga jirgin ƙasa mai bi ta cikin bututu, da ƙullin kayanta a ka da tsohon fulas a hannu. Daga Tudun Kanya ta zo, wani ƙauye da ke arewa da birnin. Ta haura sittin, kuma rabonta da jin sanyi tun tana amarya. A bakin ƙofa wata na'ura ta ɗaura mata awarwaro mai koren haske a hannun hagu. Ta juya shi, ta ce a ranta mutanen nan akwai karamci.

Ba biki ya kawo ta ba. Mijinta Malam Barau na kwance da ciwon huci, irin wanda gumi ke ɗauke wa mutum, ƙoda ta bushe a hankali. Likitan shiyya ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa in ba a kwantar da shi a asibitin sanyi na cikin Akushi ba, ba zai ga damina ba. Talaka kuwa ba ya shiga asibitin nan sai da katin ma'aikaci. Ɗansu Sallau ma'aikaci ne, yana cikin masu kula da bututan Uwar Sanyi.

Sai dai Sallau ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. In ya kira waya ya ce, "Inna, yaya jikin Baba?" sai ta ce, "Da sauƙi," Malam na gefe yana yi mata alama da hannu kada ta tayar wa yaro da hankali. Daga baya ta yanke cewa magana irin wannan ba ta waya ba ce, sai ido da ido. Don haka da ya sake kira ta ce, "Ina so in zo in ga ƙanƙarar nan taku." Malam ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, kada ki dawo mini hannu biyu. Ki zubo mini ita a fulas in ga abin da ya hana yaron nan zuwa gida."

Sallau ya tarbe ta da gudu, ya durƙusa a kan dusar ƙanƙarar ya gaishe ta. Ya rame, amma fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya lulluɓa mata wata rigar sanyi mai nauyi da ya aro, ya sa mata safar hannu.

"Inna, ban taɓa jin kin ce kina son wani abu ba sai wannan karon. Wallahi da kika faɗa, kwana na yi ban runtsa ba don murna. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi," in ji ta, tana kallon gefe. Baƙo ba ya sauke mugun labari tun bai sauke kayansa ba. Ta ce bari a huta tukuna.

Ya zaga da ita. Suka shiga Dandalin Sulɓi, inda samari da 'yan mata ke yawo kan daskararren tafki da takalma masu wuƙa a ƙasa. Wani ƙaton alhaji ya zame ya zauna daɓas, hularsa ta yi gaba ita kaɗai, Tabawa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Suka bi Layin Sassaƙa, inda butum-butumi masu inji ke sassaƙa ƙanƙara. Akwai giwa, akwai raƙumi, akwai wata kuka mai tsawon bene da aka cusa wa fitilu a ciki. Ta cire safar ta taɓa gindin kukar, yatsunta suka manne, ta yi salati ta fizge. Sallau ya saya mata shayi mai citta da ƙosai mai zafi. Ta ga hayaƙi na fita daga bakinta in ta yi magana, ta yi ta hura iska tana kallo kamar ƙaramar yarinya.

A faɗi gaskiya, ta ji daɗi. Ta ji daɗin da ba ta san jikinta yana iya ji ba. Ciwon kan da ta yi shekaru da shi har ta ɗauka halitta ce, ya tafi. Sau uku ko huɗu ta buɗe baki za ta yi maganar, sai ya ja hannun rigarta ya ce, "Inna, dubi can!" Ita kuma ta duba. A masaukin baƙi ta yi barci cikin bargo har rana ta take. Da ta farka ta tuna Malam a kan tabarma da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, kunya ta rufe ta, ta ce yau kam ko me za a yi sai ta faɗa.

Da rana ya kai ta kwandon sama, wani ɗan ɗaki na gilashi da ke tafiya a kan igiya har kusa da rufin birnin. Daga can ana ganin komai: fararen tituna, tutoci, mutane kamar tururuwa. Ana kuma ganin abin da ba a sa a hoton talla. A bayan birnin, wasu bututai baƙaƙe, kowanne ya fi gida faɗi, sun huda gilashin sun miƙa waje. A bakinsu iska na rawa kamar saman kaskon suya.

"Kai, waɗancan fa?"

"Nan nake aiki, Inna," ya ce da ɗan alfahari. "Ai Uwar Sanyi ba ta ƙera sanyi. Babu injin da ke ƙera sanyi. Zafi take kwashewa daga nan ta kai wani wuri. Kin taɓa dafa bayan firij? To, haka ne, sai dai wannan firij ɗin gari guda ne."

"Zafin ina yake zuwa?"

"Waje."

"Wane wajen?"

Ya kau da kai. "Arewa. Manya sun ce kudu akwai gonakinsu. Lokacin biki kuwa ninka aikin ake yi, don ƙanƙara ba ta zuba sai an kwashe zafi sosai."

Tabawa ta bi bakin bututan da ido har inda ƙasa ta haɗu da sama. Ta san abin da ke can. Kowace shekara daidai wannan lokaci wata iska mai ƙuna takan sauka Tudun Kanya, kaji su mutu a akurki, tsofaffi su bi su. Huci ake ce mata. Liman yakan ce a yi haƙuri, daga Allah ne. Ashe Hucin ma'aikata gare shi, har da albashi, kuma ɗanta na cikinsu.

Nan bakinta ya buɗe. Ba ta dube shi ba, gilashin ta duba.

"Mahaifinka ba shi da lafiya. Gumi ya ɗauke masa tun watan jiya. Likita ya ce sai asibitin nan naku, da katinka. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ta jira ya ce wani abu. Da ta juyo, sai ta ga awarwaron hannunta yake kallo.

"Inna," ya ce, "ga katin nan a hannunki."

"Wannan abin adon?"

"Ɗaya ake ba ma'aikaci a shekara. Ko ka kawo baƙo biki, ko ka kwantar da majinyaci wata guda. Ɗaya ne, Inna. Na tambaye ki. Sau nawa na tambaye ki?"

"Ka taɓa jin an ce jiki babu sauƙi?"

"A nan abin da mutum ya faɗa shi ake ɗauka!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya rufe fuska da hannuwansa. Kwandon ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, wata murya mai daɗi tana gaya musu su dubi hagu su ga Fadar Ƙanƙara.

Da suka sauka, Ofishin Jin Daɗin Baƙi suka nufa. Babu mutum a ciki, sai wani butum-butumi fari mai murmushin da ba ya gushewa, an sa masa hula da babbar riga don baƙi su saki jiki.

"Barka da biki, baƙuwar Ni'ima. Me za a yi muku?"

Sallau ya yi bayani yana haɗa kalmomi. Ya ce a karɓi ragowar kwanakin, a ba mahaifinsa ko mako guda ne. Ya ce a cire daga katinsa na baɗi.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji butum-butumin. "An riga an kunna katin bana. Kwanakin biki ba sa komawa kwanakin jinya. Katin baɗi yana fitowa baɗi."

Tabawa ta matsa gaba. Ta yi abin da take yi in ta je gaban mai gari: ta durƙusa, ta kama gefen rigarsa. "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na yaron nan ba. Ni ce ban faɗa ba. Ga abinku, ku cire, ba zan ƙara kwana ba. Tsoho ne, bai taɓa cutar kowa ba."

"Mun gode da zaɓar Birnin Ni'ima," ya ce. "Kuna son hoton tunawa? Kyauta ne ga masu awarwaro."

Ta so tafiya a ranar, aka ce jirgin arewa ba ya tashi sai gobe, Huci ya yi ƙarfi a kan hanya. Washegari, kafin su shiga tasha, ta tsuguna a bakin titi ta buɗe fulas. Ta riƙa dumbuzar dusar da hannu tana dannawa ciki har ya cika, ta murɗa murfin da ƙarfi. Sallau na tsaye yana kallo, bai hana ta ba. Ya ce zai nemi rance, zai nemi wani abokin aiki da bai taɓa katinsa ba, zai yi wani abu. Shi da ita duk sun san kowa ya kashe katinsa a biki. A ƙofa na'urar ta cire awarwaron, ta ce a sake zuwa.

Zafin Tudun Kanya ya tarbe ta tun daga tasha, ya shiga hanci ya ƙona maƙogwaro. Ganyen bishiyoyi duk ya nannaɗe. Tun daga kwanar masallaci ta hango tabarmi a ƙofar gidanta, maza na zaune sun sunkuyar da kai. Ba ta yi ihu ba. Ta wuce su ta shiga, da fulas ɗinta a hannu.

'Yarta Lantana ta rungume ta tana kuka. "Jiya da azahar ne, Inna, da Hucin ya tsananta. Mun yi ta jiƙa masa zane yana bushewa. Da la'asar aka kai shi. Na kira, aka ce wayar waje ba ta shiga Akushi lokacin biki."

Jiya da azahar. Tabawa ta tuna inda take jiya da azahar, tana shawagi a sama cikin rigar aro.

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce, ko ta ga ƙanƙarar? Ya ce a bar ki ki sha iska, kin wahala."

Ta tambayi inda aka yi masa wanka. Lantana ta nuna mata bayan ɗaki, gindin katanga. Ƙasar wurin ta bushe ƙarau, kamar ba a taɓa zuba ruwa ba. Tabawa ta tsuguna ta buɗe fulas. Babu fari, babu sanyi. Ruwa ne kawai, ko rabi bai kai ba, har ya fara ɗumi.

"Malam, ga tsarabarka," ta ce, ta zuba.

Ƙasa ta shanye kafin ta miƙe.

Wayar da ke ƙulle a bakin zanenta ta yi ƙara. Wayar cikin Akushi ce ke fita, ta waje ce ba ta shiga. Ta kara a kunne. A bayan muryar ɗanta tana jin kiɗa da tafi, da wannan gurnani mai zurfi da ta sani yanzu.

"Inna, kin isa? Ki yi haƙuri, ina bakin aiki, ba zan daɗe ba. Baƙi sun yi yawa bana, an ƙara kwanakin biki, an ce mu buɗe bututan duka. Yaya jikin Baba?"

Amsar da ta saba ta taho har bakin leɓenta, don harshe ya riga ya san hanya. Ta haɗiye ta. Ta dubi busasshiyar ƙasar, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka yanke masa cibi.

"Sallau," ta ce.

Daga jin sunan ya gane. Daga can ta ji wani yana kwaɗa masa kira, yana cewa me yake jira, ya murɗa mana, jama'a na jiran ƙanƙara.