Auren Lemon Auta

Ranar da Auta ta fara saninsa, ranar ya fara ɓata mata rai.

Ta dawo daga ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta zagaya bayan gida, ta ɗauki hoton bishiyar lemon tsaminta da ke cikin rabin duro. Ta tura shi guruf ɗin masu shuka 'ya'yan itace a gida, ta rubuta: "Jama'a, shekara da shekaru sai ganye, ko fure ɗaya babu. Ina mafita?"

Wata ta ce toka, wani ya ce ɓawon ƙwai. Sai ga amsar wani mai kiran kansa Ɗan Bene.

"Daga ƙwallo kika shuka ta, ko? To aure take so. A yanko reshen wadda ke haihuwa, a tsaga jikin taki a haɗa, a ɗaure da leda. Kuma kina cika mata ruwa, ganyen ya tona miki asiri."

Kafin ta huce, admin ya shigo: "Haƙuri take so, ba wuƙa ba. Yaran zamani komai gaggawa."

"Da girmamawa, Admin," in ji Ɗan Bene, "haƙuri ba ya sa namijin gwanda haihuwa."

Daga falo Auta ta jiyo an buga hannun kujera. "Wane marar kunya ne wannan?"

Admin ɗin Babanta ne. Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya kafa guruf ɗin, yake tafiyar da shi kamar tasha. Ba wanda ya san 'yarsa ce, don ita ta roƙa a rufe, ba ta son a riƙa lallaɓa ta.

Ta bi Ɗan Bene ta saƙon sirri don ta wanke shi tas. "Malam, ba a koya maka magana da manya ba?"

"An koya min. Ba a dai koya min barin bishiya ta sha wahala ba. Kin rage ruwan?"

Ta yi tsaki ta kife wayar. Washegari ta rage ruwan.

Daga faɗa hira ta tsiro. Ashe shagon tabarau gare shi, yana kwana a hawa na uku a samansa, barandarsa cike da gwaiba da inabi a bokitan fenti. Sun fara ganin juna a wurin masu sayar da dashe a bakin titi. Ta zaci za ta ga wani mai ɗaure fuska, sai ga dogon saurayi da ƙasa a gwiwar wando, yana ta in'ina.

"Ina bakin nan naka na guruf?" ta tambaye shi.

"Ya tsaya a waya. Ba a gaya masa haka kike ba."

Tun daga nan ya koma kiran ta Furena.

"Furena, kin ci abinci, ko jinin mutane ya hana ki?"

"Na ci, Sarkin Gardama. Kai fa?"

"Ina jiran ki ce in ci."

Kullum takan ce yau za ta gaya masa waye admin. Kullum sai ta tarar sun sake kaurewa a guruf, yau kan taki, gobe kan sassabe, Baba na huci a falo, shi kuma yana rubuto mata: "Tsohon nan ya san ƙasa, amma kansa dutse ne." Sai ta haɗiye maganar.

Wata ranar aiki, tana tsaka da jera kwalaben gwaji, wayarta ta hau ruri a aljihu. Ta ciro ta duba. Saƙon da ya yi niyyar turo mata ita kaɗai, guruf ya faɗa, gaban ɗaruruwan mutane:

"Furena, Asabar zan zo mu yi auren nan a bayan gidanku. Kar ki gaya wa kowa tukuna, in bai kama ba kar a yi mana dariya. Ni zan taho da wuƙa."

Ƙarƙashinsa har an fara guɗa da fatan alheri. Wata ta tambaya, "Wace ce Furen?" Sai wani ɗan guruf mai sayar da taki, wanda ya daɗe yana yi wa Auta sallamar da ba ta amsawa, ya rubuta: "Ai mai lemon nan ce. Na gan su tare wurin masu dashe."

Kafin Ɗan Bene ya goge, Baba ya cire shi daga guruf.

A gida ta tarar da Baba tsaye a tsakiyar falo.

"Baba, wallahi auren bishiya yake nufi."

"Furen ma bishiya ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ya ƙaryata ni gaban jama'a bai ishe shi ba, sai ya biyo min ta bayan gida da wuƙa? Kar in ƙara jin sunansa."

Ta shige ɗaki ta kira Ɗan Bene, ta gaya masa gaskiyar waye admin.

"Babanki? Kika bar ni ina ce masa dutse? Kina karantawa kina dariya?"

"Ba dariya nake ba, tsoro nake."

"Kin mai da ni sakarai."

"To zo ka ba shi haƙuri mana."

"Na saƙon zan bayar. Na gaskiyar da na faɗa kan bishiya, ba zan bayar ba."

Ya kashe wayar. Auta ta jefa tata kan gado. Maza biyu, kowa ya kumbura, kuma duk a kanta.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Mai taki ya samu ƙofa, kullum yana falo da buhu a gefen ƙafa, duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce, "Haka ne, Baba." Ko atishawa Baba ya yi, haka ne. In ta kawo ruwa ya bi ta da ido har sai ta ji kamar ta juye masa a ka. Ta fita daga guruf ɗin. Ta daina ba shukokin Baba ruwa da safe, aikin da take yi tun tana makaranta. Ta riƙa buɗe saƙonnin Ɗan Bene tana rufewa, shi bai rubuto ba, ita ba ta rubuta ba.

Mama ce ta gaji. Wata safiya tana miƙa wa Baba shayi ta ce, "Malam, tun da ka kori yaron nan ka rasa abokin gardama, sai ni. Jiya har kan murfin tukunya ka ja da ni. Wancan mai 'haka ne' ɗin kuwa, da idona na ga kana gyangyaɗi yana magana."

"Ni ban yi gyangyaɗi ba."

"Ka gani ko? 'Yarka dai tana ramewa."

Auta na bakin kicin tana ji. Ta saɓi jakarta, maimakon asibiti ta nufi shagon tabarau. Yana goge gilashi ta tsaya a kansa.

"Na yi laifi da na ɓoye maka, ka yafe min. Amma ka gaya min yau: ni kake so, ko cin gardama?"

Ya ajiye gilashin. Idonsa ya faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Furena, inabina ya nuna, na kasa ci. Duk wanda na tsinka sai in ce wannan naki ne."

"Ba amsata ke nan ba."

"Ke nake so."

"To ka san hanyar gidanmu. Ta ƙofar gaba."

Ya zo da yamma, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, na yi kuskure. Na zubar da ƙimar gidanka gaban mutane, ka gafarce ni."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ne namijin gwanda?"

"Ni ne, Baba."

"Tashi ka ga yadda ake renon gwaiba."

Suka zagaya baya. Auta ta haɗo lemo a faranti. Ko kofunan ba ta gama jerawa ba ta jiyo murya na tashi.

"Baba, wannan reshen ai cire shi za a yi."

"Taɓa shi ka gani!"

Ta tsaya da faranti a hannu. Suka tashi daga gwaiba suka koma rumman, daga rumman zuwa tsutsar ganye. Ƙanƙarar kofuna ta narke, rana ta yi ƙasa, ba wanda ya ambaci sunanta. Ta dire farantin kan duro har kofuna suka yi ƙara.

"Ni fa? An gama da gwaiba, an gama da tsutsa, ni yaushe za a zo kaina?"

Ta toshe bakinta da hannu, kunya ta rufe ta. Mama ta fashe da dariya daga taga. Ɗan Bene ya sake zubewa ƙasa, in'inarsa ta dawo.

"Baba, dama... dama abin da ya kawo ni ke nan."

Baba ya juya musu baya, yana ta duba wani ganyen da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Ka turo manyanka."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. 'Yan guruf suka cika gidan, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna gane juna da sunan bishiya.

Da za a tafi da ita, Baba ya rako su har bakin mota. Ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi angon.

"Ga ta nan. Tana da faɗa, kuma ba daga nesa ta ɗauko ba, a wurina ta gada. Ka yi haƙuri da mu, mu biyun." Sannan ya ɗaga hannu. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Auta ta kifa kanta a kafaɗarsa tana kuka, jama'a suka amsa da amin.