Keke a Kife

"Kowa ya kwanta! Ƙasa, na ce! Wanda ya ɗaga kai sai na fasa shi!"

Muryar ogan 'yan fashi Kwalba ce ta tsaga dajin da hantsi. Mahaya uku ne suka gangaro daga kan dutse a kan kekunansu, da hulunan kwano da riguna masu ɗaukar ido. A kwanar da hanya ta matse tsakanin falalen dutse da shingen gandun daji suka tarar da keke a kife, tayoyinsa sama. Duk mai hawan dutse da keke ya san ma'anar wannan: wani ya faɗi a gaba, ya ji ciwo, a tsaya a taimaka. Ba wanda ya rubuta dokar, amma ba mai tsallake ta. Suka damƙe birki, suka sauka suna kira, "Ina kake? Ka ji ciwo?" Bakin bindiga ne ya amsa musu.

"Zomo, wayoyi da agoguna! Kai kuma, tattaro kekunan, yi sauri!"

Wanda aka ce wa "kai kuma" ya nufi kekunan. Fuskarsa a rufe take kamar ta sauran 'yan fashin. Shi ne Bakanike, mai rumfar gyaran keke a gindin dutsen. Shi ya sare rabin hanyoyin nan da diga da shebur, shi ya koya wa Kwalba sirrin keke a kife, kuma babu keke ɗaya a cikin ukun nan da bai taɓa ɗaure wa birki ba. Abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne, kada a gane shi. Mahayan nan su ne kaɗai mutanen da ke gaishe shi.

Kada ka ce kwaɗayi ne ya kai shi, don mutumin da rigarsa ɗaya ce bai san kwaɗayi ba. Tun da mahaifiyarsa ta rasu yake cin abinci shi kaɗai, yana fuskantar bango. Mahaya sukan zo ƙarshen mako, a yi raha, a ba shi faci da sarƙa ya gyara, yamma na yi kowa ya ɗaure kekensa a bayan mota ya koma gida wajen iyalinsa. Sauran kwanakin, daga shi sai sifana da kukan tsuntsaye. Ana haka Kwalba da Zomo suka fara zama a bencinsa da rana tsaka. Suka sa hannu a kwanonsa, suka kira shi ɗan'uwa. Wallahi abin haushi, da wannan kaɗai aka saye shi.

"Ɗan'uwa, wai da gaske keken nan ya fi mota tsada?" Kwalba ya tambaye shi wata rana.

"Wani ma ya fi mota biyu."

"Kai kuma kana nan kana shafa musu mai kamar bawan gidansu! To ya ake tsayar da su? Ai gudu suke kamar aljanu."

Ya faɗa musu. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ba jini. Kwalba ya dafa ƙirji ya rantse.

Yanzu ga shi ya ɗaga keken wani tsoho da mahaya ke kira Kawu, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kullum ke raba shayin fulas ɗinsa da shi, yana ce masa ɗana. Tayar baya ta yi ƙara, tsss, tsss. Birki ne ke gogawa. Hannun Bakanike bai nemi izininsa ba. Ya juya tayar, ya karkata kai ya kasa kunne, ya yi tsaki, ya ƙwanƙwasa birkin da bayan yatsa, kamar yadda yake yi a rumfarsa kowace safiya.

Kawu na kwance, kumatunsa a ƙasa, ido ɗaya a buɗe.

"Ɗana?" ya ce a hankali.

Kwalba ya juyo.

"Me ka ce, tsoho? Maimaita!"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce! Shege, ka gane shi!" Ya ɗora bindiga a ƙeyar Kawu.

Bakanike ya saki keken ya faɗa tsakaninsu. "Oga, mun yi da kai! Ba jini!"

"Oga, lokaci!" Zomo ya ce, yana waige-waige. "Mu fece, dalla!"

Kwalba ya dubi Bakanike, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi dariya. "Ba komai, ɗan'uwa. Wuce gaba ka nuna hanya."

Suka hau kekunan sata suka gangara.

Da ƙafa mahayan suka isa ofishin masu gadin gandun daji, ƙura har gira. Aka kira 'yan sanda ta rediyo. Sufeton da ya zo mutum ne mai gajeren wuya da gajeren haƙuri.

"Baba, ka gane wani a cikinsu?"

Kawu ya dubi hularsa da ke kan gwiwarsa. "Fuskokinsu a rufe suke, ranka ya daɗe."

"Da me suka tsayar da ku?"

Aka yi masa bayanin keke a kife. Sufeto ya buga tebur. "To daga yanzu an soke! Ku sanar da duk wanda ke kan dutsen nan ya sauko. Ya ga keke a kife, ko na ubansa ne, kada ya tsaya!"

Kafin ka ce kwabo masu gadin suka tura saƙon, ya shiga wayar kowane mahayi.

A can kuwa Bakanike na gaba, yana ratsa saiwoyi da duwatsu a hanyar da ya sare da hannunsa. Na baya sai ashar suke, don ba su iya ba. Hagu — dama — gangara! Suka iso inda suka yanke wayar shinge tun jiya. Ta cikin itatuwa ana hango farar motar da ke jiransu a bakin titi.

Bakanike ya tsaya ya nuna. "Ku bi nan, miƙe kawai za ku yi."

"Shi ke nan hanyar? Ba wata kwana?" Kwalba ya tambaya.

"Babu."

"To, mun gode."

Tau!

Harsashin ya shiga cinyarsa. Ya faɗi, keken Kawu ya bugi dutse, tayar gaba ta lanƙwashe.

"Oga! Namu ne fa!" Zomo ya yi ihu.

"An gane shi, shashasha! Kafin yamma zai rera sunayenmu kamar waƙa. Bar keken, ya lalace. Mu je!"

Suka kutsa ta shingen suka ɓace. Dajin ya yi tsit, sai wani tsuntsu can nesa.

Bakanike ya yaye ƙyallen fuskarsa ya ɗaure cinyar da shi. Jini bai tsaya ba. Ya san hanyar nan, duk mai saukowa daga sama dole ya bi ta. Da gwiwar hannu ya ja jiki, ya jawo keken tsakiyar hanya, ya yi ta maza ya kife shi. Ƙarfinsa ya ƙare, ya gangara cikin ciyawa a gefe.

Ya daɗe a kwance kafin ya ji mahaya tafe. Tun kafin su bayyana ya san ko su wane ne, daga ƙarar kekunansu kawai. Wancan mai sarƙa mai kuka na Lauya ne, ya sha gaya masa ya canza ta. Na bayansa na Likita ne, wadda ke ce masa Yaya, shi ya sa wa kekenta sabuwar giya. Zuciyarsa ta yi sanyi. Likita ce fa, za ta san abin yi.

"Jama'a!" ya kira, amma muryar ba ta wuce ciyawar ba.

"Ga shi can! Keke a kife!"

"Tarko ne! Kar ku tsaya! Wuce! Wuce!"

Suka kauce wa keken, suka taka feda da ƙarfi. Tsakuwa ta fantsamo masa a fuska. Ayari na biyu ma haka, na uku ko rage gudu bai yi ba. Birkin da ya ɗaure musu da hannunsa, ba wanda ya taɓa shi. Bai ji haushin kowa ba. Kuka ya yi, irin wanda bai yi ba tun ranar jana'izar uwarsa.

Rana ta karkata kafin Sufeto da mutanensa su iso, bindigogi a gaba. Suka same shi leɓɓansa sun bushe, idonsa biyu.

"Kai ne Bakanike?" Sufeto ya tsuguna. "Abokanka ba su yi nisa ba. Motarsu ta ƙi tsayawa a shingenmu. Ƙaramin ya mutu nan take. Babban kuwa ko marinsa ba mu yi ba ya ce kai ne shugaba, kai ka tsara komai."

Bakanike ya rufe ido.

Abin da harkar ta haifar ke nan. Zomo ya tafi lahira da agogon wani a aljihu. Kwalba zai tsufa a kurkuku. Ƙafar Bakanike ba za ta sake taka feda ba, don yanke ta aka yi daga baya. Hukumar gandun daji ta sa sarƙa da kwaɗo a bakin hanyoyin, ciyawa ta fara cinye abin da ya sare. Kawu bai sake hawa keke ba, kuma har aka gama shari'a bai ambaci sunan kowa ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar dai, ana ɗora shi kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Sufeto ya ga yadda jini ya jiƙa ƙasa, sai muryarsa ta sauko. Ya ciro wayarsa.

"Ba lallai ka kai asibiti ba, gaskiya zan gaya maka. Wa za a kira maka? Mata? Ɗan'uwa? Aboki?"

Bakanike ya shiga lalube a ransa. Sufeto na jira, yatsansa a kan waya.

"Yi magana mana. Ba ka da kowa ne?"

"Ina da su, ranka ya daɗe," ya ce, yana kallon hanyar da ta gangara. "Su ne suka wuce ɗazu."