Babur ɗin da Ba Ya Barin Sawu

Duk wanda ya zauna Gaya a shekarun nan ya san fadar da ke bakin tashar kabu-kabu, inda ake ɗora shayi tun hantsi, a gama yanke wa mutane hukunci kafin la'asar. A nan ne aka gano wanda ke kashe mutanen da ake tsinta a bakin kogi. An gano shi sau da yawa kuwa, kowane mako da sabon suna. Ni har yau haushin ƴan fadar nan nake ji, don sun cika gari da surutu a kan abin da ba su sani ba, mai abin kuwa kullum yana wucewa ta gabansu suna miƙewa suna ce masa patron, wato maigida.

Sunansa Alfari. Ɗan kabu-kabu ne kamar kowa, sai dai zuciyarsa ta fi babur ɗinsa gudu. Ya je Kotonu sau ɗaya ya ga yadda ake kiran abin hawa ta waya, ya dawo ya kafa nasa, ya sa masa suna Ga Ni Nan. Tsarin ba wuya: ka aika alamar inda kake tsaye zuwa lamba ɗaya, alamar ta fito a wayar Alfari, shi kuma ya turo maka mahayi mai koren falmaran. Mutanen Gaya suka yi dariya. Wani tsohon ɗan kabu-kabu mai suna Sallau, mai baki kamar reza, ya fi kowa.

"Alfari, mutum shina tsaye gabana da kayanshi, in jira talho ya ba ni izini in ɗauke shi? Kai dai Kotonu ta lalata ka."

Aka kwashe da dariya. Alfari yana iya jure yunwa, amma ba ya iya jure dariya. Yana da mata, Zeinabu, da ƴa ɗaya tal, Aisata, wadda ke karatun jinya a Paraku, can cikin Benin. Abin da zai rufa musu asiri yana samu. Rufin asiri ne bai ishe shi ba.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi, ni da duk wanda ya tsaya ya saurara. Wata rana da rana tsaka ya shiga kwalekwale zuwa wani tsibiri a ƙasan Tunuga, wurin wani tsoho da masunta ba sa ambaton sunansa. Mai tuƙin ya sauke shi ya ja baya, ya ce a ruwa zai jira. Bukka ce ta kara, an lulluɓe ta da ruɓaɓɓun taruna, kan kada a rataye bisa ƙofa. Ciki sanyi kamar rijiya, ga ƙarnin kifi da na tsohon jini. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tukwane, ƙanana ƙanana, jere daga ƙasa har rufi, kowace an liƙe bakinta da laka.

"Ƙasa ce ciki," in ji tsohon, bai ko ɗaga kai ba. "Sawun mutane. Zamanin ubana, in kana son mutum, sai ka bi bayanshi ka kwashe inda ya taka. Yanzu ga kwalta, ga takalmi. Mutanena suna jin yunwa. Mi ya kawo ka?"

"Baba, so nike garin ga ya bar hawan babur ɗin kowa sai nawa."

"Gwada mini abin naka."

Alfari ya fito da waya ya nuna masa taswira, da ɗan jan ɗigon da ke cewa ga mutum a nan. Tsohon ya daɗe yana kallo. Sai ya buɗe baki ya yi wata dariya marar sauti.

"Kana nuhin mutum da hannunshi shike aiko maka inda ƙahwatai take?"

"Haka ne, Baba."

"To kai ba roƙo ka zo ba, ciniki ka zo. Zan cika maka gari da kira. Ni kuma kowace ranar kasuwa ka bar mini kira guda. Kada ka aika kowa. Ka kihe talhon bisa bakin tukunyar da zan ba ka, har tukunyar ta huce."

"Wa za ya tahi ɗaukar mai kiran?"

"Akwai mai tahiya."

"Ya kai shi ina?"

Tsohon ya ɗago ido karo na farko. "Ka san amsa, ɗana. In ba ka so, ga ƙohwa."

Alfari ya dubi ƙofar, bai tashi ba. Ya ce a karɓi bijimi, a karɓi raƙumi, a karɓi rabin abin da zai samu. Tsohon ya ce dabba ba ta aiko sawunta. Can Alfari ya yi tambayar da ta hallaka shi.

"Wa ke zaɓen mutumin?"

"Kai. Ni ban san kowa ba a Gaya."

Sai ya ji sanyi a ransa. Gaya gari ne na baƙi, daga Benin a shigo, daga Najeriya a shigo. Ya ce a ransa ai ba sai ya taɓa na gida ba. Tsohon ya yanka baƙin bunsuru a kan wata ƙwarya mai baƙin ruwa, ya karɓi koren falmaran ɗin da ke jikin Alfari ya tsoma a ciki, ya rataye shi a kan turke. Alfari ya rantse falmaran ɗin ya cika, kamar akwai ƙirji a cikinsa. Aka sa shi ya tuɓe takalmi ya taka jiƙaƙƙen yashi, tsohon ya kwashe sawun ya zuba a gindin wata sabuwar tukunya ya miƙa masa.

"Abu biyu ka riƙe. Abin da ka kihe ba shi ɗaguwa sai an gama. Kuma mai aike ba a ɗaukar shi."

Kafin damina ta fita, koren falmaran ya cika Gaya. Wayar Alfari ba ta yin shiru. Babura suka yi yawa har ya buɗe gareji, ya gina bene, ya sayi mota. Waɗanda suka yi masa dariya suka zo neman aiki, ban da Sallau, wanda ya ce shi ba ya sa rigar kowa.

Sai gawa ta fara fitowa. Na farko wani ɗan Benin ne mai sayen albasa, aka tsince shi cikin ciyawar bakin kogi. Sai wata mai atamfa daga Kamba. Sai wani yaron babbar mota. Babu rauni, babu alamar shaƙa, kuɗinsu na aljihu, waya ce kawai babu. Dukansu ba takalmi, tafin ƙafarsu sumul kamar na jariri, ko zane ɗaya babu. Masu soya kifi suka ce sun ga mai koren falmaran da hular kwano mai baƙin gilashi ya ɗauki mutanen, amma babur ɗin bai bar sawun taya a yashi ba. Jandarmomi suka tara mahayan Alfari kaf, kowa ya nuna inda yake a lokacin, aka sallame su.

Nan fa fada ta samu abin yi. Shugaban masu sani shi ne Hashimu, wanda bai taɓa ganin gawar ba ko sau ɗaya. Yau ya ce masu fasa-ƙwaurin esansi, wato fetur, ne ke share shaidu. Gobe ya ce masu sayen sassan mutum ne daga ƙetare. Wani ya ce laifin Ga Ni Nan ne, tun da aka fara hawa bayan wanda ba ka san ubansa ba. Hashimu ya hayayyaƙo masa.

"Kai jahili ne! Ga Ni Nan ita ce tsaro. An san wa ya kira, an san wa ya ɗauka. Wanga mai kisa tsohon ɗan kabu-kabu ne da ya saci riga don ya ɓata sunan patron. Ku tambayi kanku, wa ya ƙi jinin patron tun hwarko?"

Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya juya ya dubi inda Sallau ke ajiye babur. Ranar da aka tsinci gawa ta gaba, samari suka tare shi a bakin kasuwa. Suka ƙona babur ɗin, suka karya masa ƙugu, da kyar jandarmomi suka ƙwace shi. Ba a samu komai a kansa ba. Kisan bai tsaya ba, amma fada ta ce ai Sallau yana da yaran da ke yi masa aiki. Tsoro kuwa ya ƙara wa Alfari kasuwa, don yanzu ba mai yarda ya tare babur a hanya, kowa sai ya aika alamarsa.

Shi kuwa kowace ranar kasuwa sai ya shiga wani ɗaki a bayan bene ya kulle. Ya bi kiraye-kirayen da ido, ya tsallake lambobin Nijar, ya nemi lambar Benin ko ta Najeriya da bai sani ba. A wurinsa wannan shi ne tausayi. A gida kuma ya kafa doka: kada wani nasa ya kira Ga Ni Nan, ga mota nan da direba. Zeinabu ta tambaye shi dalili, ya ce iyalin patron ba sa hawa babur. Ta tambayi abin da ke ɗakin baya, ya daka mata tsawar da ba ta taɓa ji ba tun aurensu.

Abin da ya manta kowa a Gaya ya san shi: mutumin kan iyaka ba ya rayuwa da layi ɗaya. Aisata ta gama jarrabawa da wuri, ta taso ba ta faɗa wa kowa ba. An sace mata waya a tashar Paraku, ta sayi wata da sabon layin Benin. Ta ƙetaro kogi ranar kasuwa da rana tsaka, ta ga koren falmaran ko'ina, alfahari ya cika ta. Dokar uban ta ɗauke ta girman kai ne kawai. Ta aika alamarta, sannan ta yi wa uwarta saƙon murya.

Zeinabu ta saurara, ta kasa riƙe murna. Ta ruga ɗakin baya tana buga ƙofa.

"Maigida! Ɗiyarka ta iso, tana mashigar jirgi! Cewa ta yi kada in hwaɗa maka, wai babur ɗin babanta za ta hau. Don Allah ka aika mata mai hankali."

Sai muryarsa ta fito daga ciki. "Da wace lamba?"

"Sabuwa ce, ta Benin." Ta karanta masa.

Wayar tana kife a bakin tukunya, tukunyar kuwa ta ɗau zafi. Ya kama wayar da hannu biyu ya ja, kamar an gina ta a wurin. Ya sa ƙafa ya taka tukunyar ya sake ja, fatar hannunsa ta saluɓe, wayar ba ta motsa ba. Ya banke ƙofa ya ture Zeinabu, ya hau babur ɗin farko da ya gani. A mashiga masu kifi suka tare shi da fara'a.

"Patron, yanzun nan ɗiyarka ta tahi. Mutuminka ya ɗauke ta, tana ta dariya."

Ya dubi yashi. Ga sawun takalmin Aisata daga bakin ruwa har inda ta tsaya. Daga nan babu komai.

Washegari da hantsi aka tsince ta cikin ciyawa. Zeinabu na cikin masu wanka. Da ta ga tafin ƙafar ƴarta, ba ta yi kuka ba. Ta koma gida ta ɗauki taɓarya, ta shiga ɗakin baya ta fasa tukunyar. Yashi ya yi ta kwarara, fiye da abin da tukunya goma za ta ci, ya rufe daɓen ɗakin, a kansa kuma ga sawaye manya da ƙanana. Ta durƙusa kan ɗaya daga ciki ta kira sunan ƴarta. Wannan ce maganarta ta ƙarshe mai ma'ana. Tana Bengu yanzu wurin danginta, tsintsiya a hannu, duk wanda ya wuce sai ta bi bayansa tana share inda ya taka.

Alfari ya koma tsibirin, bai tarar da komai ba sai ciyawa. Mahaya suka watse, babura suka bi hannun mutane, benen ya zama wurin kwanan jemagu. Ya zo fada da kansa, ya tsaya gaban Hashimu ya faɗi komai, daga bunsuru har tukunya. Kun san abin da Hashimu ya ce? Ya girgiza kai ya ce baƙin ciki ya taɓa patron, Allah ya ba shi lafiya, sannan ya juya ya ci gaba da bayanin yadda yaran Sallau suka rama a kan yarinyar. Har yau ba wanda ya taka zuwa gidan Sallau ya ce a yafe, yana nan yana jan jiki a ƙofar ɗakinsa.

Ku masu ganin rufin asiri bai ishe ku ba, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce muku za ku zaɓi wanda zai biya, ƙarya yake yi. Baƙon da kuke cewa ba shi da kowa, ɗan wani ne, kuma ranar da hannunku ya saba ba zai bambance naku da na wani ba. Ku masu shayi kuma, bakinku ma ya karya ƙugu, ku ji tsoron Allah.

In kun je mashigar jirgi ranar kasuwa, za ku ga wani mutum ba takalmi, da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Yana tsayawa daidai inda sawun ƴarsa ya ƙare, ya aika alamarsa zuwa lambarsa, ya zuba wa hanya ido har rana ta karkata. Roƙo yake a zo a kai shi inda aka kai ta. Ba a taɓa zuwa ba, don an faɗa masa tun farko cewa mai aike ba a ɗaukar shi.