Ƙofar da Tela Ya Sayo

Rana ta sunkuya, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Tela yana zaune a bakin ɗaki yana warware wani zare da ya sarƙe, matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu Auta kuma tana wanke kwanuka a gindin famfo. Ba abin da ake ji sai zubar ruwa. Can sai wata murya ta taso daga wajen ƙofar gida, a hankali, kamar mai gudun tashin jariri, ta ce, "Ɓarawo."

Tela ya zabura ya rarumi taɓarya. Dole ya zabura, don tun ranar da aka hauro masa aka ɗauke keken ɗinki bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ya dasa fasassun kwalabe a kan katanga, ya sa wa tagogi ƙarfe, ya hana ɓoye makulli a ƙarƙashin dutse. Abin alfaharinsa kuwa ita ce ƙofar gidan, wata baƙar ƙofar ƙarfe mai nauyin tsiya da ya samo da arha a hannun wani ɗan gwangwan. Duk baƙon da ya zo sai Tela ya sa shi ya ƙwanƙwasa ya ji kaurinta, sai ka ce shi ya ƙera ta.

Ya duba bayan ɗaki, ya leƙa banɗaki, babu kowa. Sakata tana nan yadda ya zura ta.

Washegari da magariba muryar ta dawo, wannan karon da jifa. Duwatsu suka riƙa sauka a kan kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma wanda aka ɗauka sai a ji shi da ɗumi. Maƙwabta suka shigo da sanduna suna zolayar Tela da cewa tsoro ya fara yi masa magana a kunne. Da dutse ya faɗo a tsakiyarsu, suka ga daga wajen ƙofa ya taso ba daga bayan katanga ba, sai kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Tela ya je ya ƙaro kwaɗo, don a wurinsa maganin kowace masifa kwaɗo ne.

Daga nan abin ya koma kan Auta. Ta daina ci, ta daina wasa. Da rana ta yi ja sai ta miƙe ta je ta kafa goshinta a jikin ƙofar, ta tsaya ƙiƙam, jikinta ya yi sanyi kamar ƙarfen. Wata magariba uban ya dafa kafaɗarta. Ta juyo, idanunta ba sa ƙiftawa, ta dube shi ta ce da muryar tsoho, "Ɓarawo."

Taɓaryar da yake yawo da ita ta suɓuce daga hannunsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya gane ba wani ake nuna masa ba, shi ake kira.

Uwar ce ta ɗauko Malam, wani dattijo mai ƙaramar murya da ya daɗe yana fama da mutanen ɓoye. Ya sa aka kwantar da yarinyar a kan tabarma, ya zauna a gefen kanta yana karatu tun la'asar. Gidan ya yi tsit. Sai da duhu ya fara sauka Auta ta banƙare, ta ce, "Daina ƙona ni, ni a bakin aikina nake."

"Wane aiki ne a jikin 'yar mutane?" in ji Malam.

"Gadi. Ina jikin ƙofar nan tun kafin a haifi wannan mai almakashin. Ƙofar ta wata tsohuwa ce. Tana kwance a asibiti aka ɓalle ƙofar, aka kwashe mata ɗaki kaf. Inda ƙofa ta je, nan nake zuwa."

"To ka bi wanda ya ɓalle ta mana."

"Shi ya sayar ya wuce. Wannan ne ya kafa ta yana kwana a bayanta."

Tela ya matso. "Wallahi saya na yi, Malam."

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali. "Ka ga maƙalanta a karye. Ka ga guntun bulo a jikinta. Ka tambaya?"

Tela ya gani sarai, ya ƙi tambaya ne don kada amsar ta ɓata masa ciniki.

"An raba tsohuwar da abin da ke tsare ta," in ji muryar, "ni ma na riƙe abin da ya fi so. Yarinya tawa ce."

"Yarinya ba ta sayi komai ba," Malam ya ce, ya ci gaba da karatu. Auta ta riƙa murƙususu, uwar ta toshe baki tana kuka, har muryar ta dishe ta ce ta yarda. Sharaɗinta shi ne Tela ya mayar da ƙofar da kansa zuwa gidan da ke da bishiyar lemo a bayan tashar mota, ya kafa ta kafin rana ta faɗi gobe. "In ta faɗi ƙofa tana nan, ku zura sakatarku ku tsare gawa."

Ko a nan sai da halin ya motsa. Tela ya ce, "To, Malam, mu kwana a buɗe ke nan?"

"Ka cire ta," matarsa ta ce, ba ta ko dube shi ba, "ko ni in cire."

Da safe ya ɓalle ta, ya ɗora a baro, ya tura yana tambaya har ya sami gidan. Wata yagaggiyar tabarma ce rataye a bakin ƙofar, tsohuwar tana zaune a bayanta. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta shafa ƙarfen ta ce, "Ka dawo?" Tela ya san ba da shi take ba. Ya kwaɓa siminti ya hau kafa ƙofar, yana yi yana ɗaga kai yana duban rana.

Ya iso gida da gudu rana ta yi jawur. Zanen matarsa ne rataye inda ƙofar take, iska tana kaɗa shi. Auta tana kwance ba motsi. Suka zauna suna kallon ƙirjinta har hasken ya bar kan katanga, sannan ta yi atishawa, ta tashi zaune ta nemi ruwa. Ta sha, ta dubi zanen, ta zaro ido.

"Baba, an sace mana ƙofa?"

Tela ya jawo ta jikinsa.

"A'a, Auta. Mai ita ce ta karɓi abarta."